Ruwan Da Na Hana Ɗiyata

Sun gina ma ɗiyata hanyar shiga aji, ba su gina mata hanyar shiga salga ba. Wannan ita ce ƙarata, kuma ba zan shafa mata zuma ba don wani ya ji daɗin karantawa. Na san akwai masu cewa wace irin mace ce za ta rubuto ma mujalla maganar bayan gida. To, ni ce. Shirun da na yi a kan wannan magana ya kusa kai yarinya kabari, saboda haka duk wanda kunnensa ba ya ɗauka sai ya juya shafi.

Lokacin da abin ya faru ina zaune a Dakoro, a gidan mijina. Shi yana can Aljeriya wajen neman abinci, sai dai murya a waya jifa-jifa. Sana'ata turkar raguna, in sayi ƙarami in ciyar da shi in kai kasuwa. Duk kasuwar dabbobi an san ni da baki. Dillali bai isa ya yanke ma ragona kuɗi a ɓoye ba, sai na sa shi ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ban yi lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba, awaki na bi a dajin wajen Bader Goula har aka yi mini aure. Sai da na haihu, na sake haihuwa, sannan na shiga karatun manya, na zauna a tabarma da goyo a baya ina koyon baƙaƙe, mata na yi mini dariya wai tsohuwar akuya ta shiga garken ƴan tumaki. Ban kula su ba. Wannan rubutu da kuke karantawa da hannuna na yi shi.

Ɗiyar da nake magana ita ce ta fari. Shan inna ya kama ta tana ƙarama, ƙafafun suka shanye duka biyu. Da hannu take tafiya, ta zura takalman roba a tafin hannu ta ja jiki, kuma ta fi wasu masu ƙafa sauri. Ku da kuka tashi a ƙasarmu kun san yadda ake da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta tsaya masa in ana magana. Ko kuka yake sai ta kau da kai, wata ta ɗauka. Haka aka yi mini, haka na yi. Tun da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, ɗakinsu ɗaya, ƙwaryarsu ɗaya. Tsohuwa take kira uwa, ni kuwa Yaya take ce mini kamar ƴar'uwarta. In zan kira ta sai in ce ke, in zan yi zancenta sai in ce ta ɗakin tsohuwa. Ban taɓa jin wannan ya dame ni ba, tunda akwai mai faɗa a madadina. Duk abin da nake so a yi mata sai in raɗa ma tsohuwa, ita ta fita ta faɗa da babbar murya.

Haka aka yi ranar da na ji a rediyo cewa gwamnati ta ce yara masu naƙasa su shiga lakwal ɗaya da sauran yara, ba wanda za a kora. Ni na ji, ni na gane, ni na zuga tsohuwa, ita kuma ta ɗaura zane ta je ta sa aka rubuta yarinya. Zan faɗi gaskiya, an yi abin kirki. An zuba siminti a ƙofar aji an yi gangara mai kyau. An ba ta keken guragu, ko da yake yashin Dakoro bai san keke ba, ƙafafunsa nutsewa suke, sai dai a ɗora ta da keken a amalanken jaki a sauke a ƙofar lakwal. Mushen ajinsu, malamin da ke koya musu, an kai shi wani horo ya dawo, ya sa ta a gaba, bai taɓa nuna mata bambanci ba. Ta girmi ƴan ajin, amma ta riga su kama karatu. In ta dawo ta ajiye allonta a ɗakin tsohuwa, sai in jira tsakar gida ta yi shiru in shiga in karanta abin da ta rubuta, in fito kamar gishiri na je nema.

A wannan lokacin tsohuwa ce ke zuwa lakwal da hantsi ta ɗauko ta a baya, ta kai ta wani gida kusa ta kama ruwa, ta mayar da ita. Ni ban ma san tana yi ba. Na ɗauka yawon tsofaffi ne. Sai da tsohuwa ta kwanta ciwo bayan an gama girbi, Allah ya karɓi abinsa, sannan na gane abin da ke fitar da ita kullum. Aka watse zaman makoki, ɗakin ya rage daga yarinya sai gadon kara. Ban mayar da ita ɗakina ba, kada a ce na rasa kunya tun ƙasa ba ta bushe ba. Sai ta kwana can ita kaɗai, ni ma na kwana nan da ƙannenta, katangar laka a tsakaninmu, ina jin tarinta tana jin nawa.

Ba a daɗe da komawarta lakwal ba, ran nan aka sauke ta daga amalanke siket ɗinta jiƙe, yara na biye suna tafi suna waƙar mai fitsarin zaune. Na fito da taɓarya na watsa su. Ita ko kuka ba ta yi ba, ta ja jiki ta shige ɗaki. Na bi ta na tsaya daga ƙofa na fara faɗa, na ce ke ba jaririya ba ce, lakwal ɗin ba ta da salga ne da za ki ja mana abin faɗa a gari. Ta ce akwai. Da la'asar, bayan an tashi, na ɗauki igiya kamar mai neman ɓataccen rago na shiga lakwal ɗin na zagaya baya. Salgar tana kan tudu, sai an taka matakala ake hawa. Na tura ƙofa. Yara da yawa ne ke shiga wurin, kuma yara ba su saiti. Ba inda mutum zai sa ƙafa sai ya zaɓa, balle tafin hannu. Na tsaya ina kallon daɓen nan, na tuna da waɗannan hannuwa take cin tuwo, da su take riƙe alli, da su take alwala.

Mai hankali da daga nan gidan dirakta, shugaban lakwal ɗin, zai wuce. Ni gida na koma na yi dabarar kaina. Na ce abin da bai shiga ciki ba ba zai nemi fita ba. Washegari na hana ta koko. Na ba ta ɗumamen tuwo busasshe, na ce kada ta sha ruwa sai ta dawo, na kuma cire ƴar gorar da tsohuwa ke rataya mata a keke. Ta dube ni ta ce to, Yaya. Shi ke nan. Ta dawo a bushe ranar, da washegari, da duk ranakun da suka biyo. Waƙar yara ta mutu. Na ji a raina na yi wayo. Ni da nake tashi da sassafe in cika ma raguna kwano, in koma da rana in ƙara musu don kada su rame kasuwa ta ƙi su, ni ce na auna ma ɗiyata ruwa.

Kada ku ce ban samu wurin magana ba. Na samu. Ana cikin sanyi wasu baƙi suka zo daga Maradi duba yadda yara irinta suke zama a lakwal. Aka tara iyaye a ƙarƙashin itacen bedi, maza a kujeru mata a tabarmi. Shugaban komitin iyaye wan mijina ne, mutumin da tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, in mun gamu a hanya sai in ratse in durƙusa. Baƙin suka ɗauki hoton gangarar siminti, suka ɗauki yarinya a kan kekenta tana murmushi. Wata mata a cikinsu ta tambaya cikin ladabi ko akwai wata matsala da iyaye suka gani, a faɗa kada a ji nauyi. Na miƙe tsaye. Mata suka fara zungurin juna, wata ta ce yau dirakta ya shiga uku, mai raguna ta tashi. Na buɗe baki, sai na ga wan mijina ya sunkuyar da kai yana jan carbi. A gabansa zan ambaci salga, kuma a kan ɗiyar fari? Da na ga tsayuwa ta yi tsawo sai na ce awakin unguwa na shiga lakwal suna cin itatuwan da aka dasa, ya kamata a yi shinge. Aka yi tafi. Aka kuwa yi shingen.

Daga baya na je wurin maƙwabciyata, wadda muke daka tare, na roƙe ta ta faɗa ma dirakta a madadina. Ta riƙe haɓa ta ce ita da girmanta ta je gaban namiji da zancen kashi, ai sai mijinta ya kora ta gidansu, kuma wai ni da nake tsayar da kasuwa da bakina yau mi ya cinye mini harshe. Na kira mijina, ya ce in bari ya dawo, maganar waya tana cin kuɗi. Ba wanda ya rage. Na sha zama a bakin turke ina magana da raguna, don su kaɗai ne zan faɗa ma abin ba su yi mini dariya ba.

Da azumi ya zo sai abin ya zama abin yabo. Yarinya ta ɗauki azumi tun daga farko har ƙarshe, ba ta sha ko ɗaya ba. Manya na kwance a inuwa suna lissafin rana, ita tana zaune tana karatunta kamar ba komai. Mata suka riƙa shigowa suna cewa wannan yarinya baiwar Allah ce, Allah ya karɓi ƙafa ya ba ta haƙuri, a riƙa sa ta tana yi mana addu'a. Wan mijina da kansa ya aiko mata da dabino. Ni kaɗai na san inda ta koyi jure ƙishirwa. Ita ma ta gaya ma ƙanwarta, ina ji daga madafa, wai ta fi son watan azumi da kowane wata, don a lakwal ba mai shan ruwa a gabanta.

Bayan salla zafin bazara ya sauko, irin wanda ƙarfen amalanke ke ƙona hannu tun da hantsi. Na lura leɓenta na tsagewa. Na lura in ta dawo ta shiga kewayen gida tana daɗewa, in ta fito sai ta haɗa gumi ta cije baki. Na tambaye ta daga nesa, ta ce ba komai. Ni ma na so ya zama ba komai, sai na yarda. Ran kasuwa ina tsakiyar ciniki aka zo aka ce mini ta ɗakin tsohuwa ta faɗi a aji, mushe ya ɗauke ta a babur ya kai asibiti. Na saki igiyar rago a hannun dillali, abin da ban taɓa yi ba.

Na same ta an sa mata ƙarin ruwa, jiki kamar garwashi, idanu sun faɗa. Madam ɗin da ke duba ta, wata doguwa mai faɗa irin nawa, ta juyo ta ce wace ce uwar yarinyar. Ɗakin cike da mutane, har da wan mijina a bakin ƙofa. Na ce ni ce mai kula da ita. Ta ce ba mai kula ta tambaya ba, wadda ta haife ta. Sai wata tsohuwa ta ce ai ɗiyar fari ce, madam, kunya take ji. Madam ta ce kunya ba ta cikin magungunan da take da su. Ta ce ciwon mafitsara ne ya daɗe har ya hau sama ya taɓa ƙoda, kuma jikin yarinya a bushe yake kamar kilishi, wa ke hana ta ruwa. Kafin in buɗe baki yarinyar ta buɗe ido ta ce ba kowa, ita ce ba ta jin ƙishirwa. Ta faɗa tana kallon rufin ɗaki. Na taɓa shan mari, na taɓa shan zagi a tsakiyar kasuwa, ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamar wannan ƙarya da ta yi don ta rufa mini asiri ba.

Allah ya sa da sauran kwana. Aka sallame mu, madam ta ja mini kunne ta ce ruwa safe da rana da yamma, kuma kada ta ƙara riƙe fitsari, in ya sake dawowa ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Da yamma wan mijina ya shigo, ya tsaya daga zaure ya yi magana da bango kamar yadda ya saba in da ni yake. Ya ce zafin lakwal ne ya kayar da ita, dama jiki irin nata ba na wahala ba ne, an gwada an gani, ta zauna gida haka nan, abin da ta koya ya isa. Bai faɗa da mugunta ba. Bai san komai ba, don ba wanda ya gaya masa, kuma wadda ya kamata ta gaya masa tana durƙushe bayan zana tana cewa to.

Da ya fita na shiga ɗakin tsohuwa da kwanon ruwa. Ta ji duk abin da aka ce. Ta karɓi kwanon ta riƙe ba ta sha ba. Ta ce Yaya, ki gaya ma Baba babba ya bar ni in koma, na iya yanzu, zan riƙa kurɓa kaɗan in jiƙa baki in tofar, ba zan ƙara faɗuwa ba, ba zan ƙara ba ku kunya ba. Ta ce a gida ba ta da kowa tun da tsohuwa ta tafi, a aji kuwa in mushe ya yi tambaya ita ake juyowa a kalla. Na zauna a bakin gadon karan, karo na farko tun rasuwar. Yarinya tana ciniki da ni a kan ranta, kuma ni na koya mata farashin.

Abin da na koya shi ne wannan. Kunya ado ce, ban ce a zubar da ita ba, har gobe ina ratse ma wan mijina hanya. Amma kunyar ɗan fari an yi ta ne lokacin da gida ke cike da kakanni da gwaggwanni masu magana a madadin uwa. Yau tsofaffi na tafiya, maza na can wata ƙasa, in uwa ta yi shiru ba mai faɗa. Ku mata ƴan'uwana masu yara irin tawa, in an ce an karɓi ɗanku a lakwal kada ku tsaya kallon ƙofar aji kuna godiya. Ku zagaya baya. Ku duba inda zai sha, ku duba inda zai zagaya, ku tambaye shi abin da yake jurewa don kada a kore shi, don waɗannan yara sun iya ɓoye wahala fiye da manya. Ku kuma masu zuwa da mota kuna ɗaukar hoto, Allah ya saka muku da abin da kuka yi, amma yaro ba kai da hannu kaɗai yake zuwa da su lakwal ba, da cikinsa yake zuwa. In kun tara mu gaban surukanmu kun ce akwai matsala, za mu ce muku awaki. Ku ja mu gefe, mace da mace, ko ku je ku tura ƙofar da kanku.

Washegari da safe na dama koko mai yawa na ba ta, na tsaya a kanta har ta shanye, na ƙara mata ruwa. Ban ɗaura ma jaki amalanke ba. Na durƙusa na ce ta hau, na goya ta da zane, ƙafafunta na reto har gwiwata, na bi ta tsakiyar unguwa da ita. Mata suka bar daka suna leƙe, wata ta ce la ila, yau mai raguna ta goyi ta fari. Na tsaya a ƙofar wan mijina na yi sallama da ƙarfi, na ce Yaya, ka taso, akwai abin da zan nuna maka a lakwal, kuma ba zan tafi ba sai da kai. Mamaki ya sa ya biyo ni. Muka tarar da dirakta yara na layi za a ɗaga tuta, na ce shi ma ya zo. Na kai su bayan azuzuwa, na hau matakalar da goyona, na tura ƙofar salga da ƙafa. Na zare takalman roban daga hannuwanta na ajiye a gabansu. Na ce wannan ɗiyata ce, ni na haife ta, nan ake so ta shiga. Ga takalma, wanda ya iya a cikinku ya sa hannu ya gwada mana.